Tekun da Mamuda Ya Gano a Ƙarƙashin Babura

A Kazaure, kusa da tashar mota, akwai wani shago da faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, amma a saman ƙofarsa an rubuta da jan fenti: Cibiyar Binciken Kimiyya da Fasahar Zamani. Abin da ke ciki injin kwafar takardu ne guda, da wata kwamfuta mai tsagaggen gilashi, sai mai shagon, Mamuda. Sana'arsa ta gaskiya buga katin biki da cike wa ɗalibai takardun jarabawa, amma idan ka kira shi Mamuda ba ya waiwayowa sai ka ce Injiniya. Ya sha gaya wa masu jiran mota cewa wata ƙasar Turawa ta taɓa aiko masa da tikitin jirgi don ya je ya gyara musu tauraron ɗan'adam, ya ƙi zuwa saboda ba ya son abincinsu.

Mutum ɗaya ne a layin ba ya ce masa Injiniya, wato Halliru mai faci, wanda rumfarsa ke manne da shagon. Tare suka yi firamare, kuma Halliru bai manta wanda ya maimaita aji huɗu ba.

To, akwai ƙungiyar manoma da ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, shugabanta Alhaji Muhammadu Lawal, dattijo mai kirki wanda aibinsa guda: bai taɓa iya cewa bai gane abu ba. Wasu masu tallafa wa noma sun kafa wa ƙungiyar na'urorin auna ruwan sama, ɗaya a kowane gari. Duk shekara kafin damina, ma'aikaciyarsu Malama Martha takan duba awon bara ta gaya wa Alhaji irin shukar da ya dace da kowane gari, shi kuma ya yi odar iri. A bana sai haihuwa ta zo mata, ta tafi gidan iyayenta a Jos. Ta turo wa Alhaji fayil ɗin awon a waya don ya adana, ta roƙe shi ya ɗan jira ta samu kanta.

Alhaji ya jira har hadari ya fara leƙowa daga gabas, haƙurinsa ya ƙare. Ya shiga shagon Mamuda da niyyar a buga masa fayil ɗin a takarda kawai. Mamuda ya buɗe, ya ga lambobi jere kamar tururuwa, ya gyara zaman hularsa. Ya ce wa Alhaji abin kunya ne a ce ƙananan hukumomi huɗu suna jiran mai jego alhali ga Injiniya a gari. Aikin da take ɗaukar mako tana yi, shi kafin shayi ya huce ya gama. Abin da yake so kawai, idan ya gama a naɗa shi mai ba ƙungiya shawara kan kimiyya, a buga masa kati.

A saman fayil ɗin akwai wasu layuka na Turanci kafin a kai ga lambobin. Alhaji ya tambaya mene ne a ciki.

"Gaisuwa ce, ranka ya daɗe," in ji Mamuda. "Mu masana ba ma tsayawa gaisuwa."

Ya goge su, ya sa kwamfuta ta tara masa awon kowane gari.

Na Kazaure da Roni suka fito kamar yadda kowa ya san damina. Na Babura kuwa, sai ga lamba mai tsawo har ta cika gidanta ta tsallaka na kusa. Mamuda ya bi ya duba, ya tarar a wasu ranakun watan Agusta an rubuta tara huɗu a jere, 9999, kowace rana. Ya koma kan Gwiwa, ya ga jimillar ta faɗi ƙasa da sifili, domin a wasu ranaku an rubuta tara uku da alamar ɗebewa a gabansu, -999.

Da wani ne, da ya tsaya ya yi tambaya. Mamuda miƙewa ya yi tsaye ya ce a rufe ƙofa, ya gano abin da zai girgiza duniya. Shagon ba shi da wurin da mutum biyu za su tsaya idan an rufe ƙofa, don haka aka bar ta a buɗe, Halliru ya ji komai.

Mamuda ya bayyana wa Alhaji cewa a bara Babura ta samu ruwan da ya kai kusan mita goma a rana ɗaya, ba sau ɗaya ba kuma. Halliru ya ajiye tayar da yake dubawa ya leƙo, ya ce ƙanwarsa a Babura take aure, ta zo bikin suna a Kazaure a watan Agustan da ake magana, kuma a kan acaɓa ta zo da ƙura a ƙafarta, ba a kwale-kwale ba.

Mamuda ya ce ai nan ilimi ya bambanta da faci. Kowa ya san rairayin Babura. Ruwan yana sauka rairayi yana shanyewa, kafin mutum ya buɗe taga ya wuce ƙasa. Yanzu haka akwai teku kwance a ƙarƙashin garin, mutane suna ta wahalar gero da riɗi a kan arzikin shinkafa.

"Gwiwa fa?" in ji Alhaji.

"Gwiwa abin tausayi ce, Alhaji. Ka ga alamar ɗebewar nan? A can ruwa ba sauka yake ba, tashi yake. Sama ce ke zuƙe shi."

Halliru ya tambaya ko kwaɗin Gwiwa ma tare da ruwan suke tashi, don ya gargaɗi masu shanya. Mamuda ya ce ba ya muhawara da mutumin da iliminsa iska ce. Halliru ya ce gaskiya ne, amma tasa iskar a cikin taya take tsayawa.

Alhaji bai gamsu ba, sai dai Mamuda ya buga masa sakamakon da kala, Babura shuɗi, Gwiwa ja wur, ya sa hatimin Cibiya a ƙasa. Ya ƙara da cewa ƙananan masu ilimi ne kaɗai abin zai yi wa wuyar fahimta. Daga jin haka Alhaji ya ce ai shi tun farko ya gane. Kafin la'asar ya kira dillalin iri ya sauya oda: a soke geron Babura a kawo shinkafa, kason Gwiwa kuma a soke shi gaba ɗaya a ƙara a kan shinkafar, tunda zuba iri a garin da sama ke zuƙar ruwa asara ce.

Labari ya isa Gwiwa kafin Mamuda ya gama zana katinsa. Wadda ta zo a kan maganar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Adda, shugabar matan ƙungiya a can, mai shanu da gonar gero, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta sauya magana. Ta zauna a kan bencin Halliru ta ce ita shekarunta sun fi sittin a Gwiwa, an jiƙe ta daga sama ba adadi, ba a taɓa jiƙe ta daga ƙasa ba. Tana son ɗan nan ya zo ya nuna mata.

Mamuda ya ce abu mai sauƙi. Washegari ya saka babbar riga, ya hau acaɓa da wani ƙaton baho a kansa, Alhaji na biye a mota. A hanya iska ta shiga bahon ta kusa ɗauke shi daga kan babur, ɗan acaɓar ya ce ko bahon ya sauka ko Injiniya ya sauka. Haka ya shiga Gwiwa a ƙafa, baho a ka, yara na binsa suna tambaya ko wanki yake karɓa.

Aka ajiye bahon kusa da shingen na'urar, mata suka cika shi da ruwa. Mamuda ya zana da'ira a ƙasa ya ce kada kowa ya matso, domin ƙarfin zuƙar yana iya ɗaga ƙaramin yaro. Aka tafi sallar azahar, aka ci abinci. Da aka dawo, baho ƙaf, ko ɗigo babu.

Mamuda ya buɗe hannuwa yana juyawa kamar wanda ya ci zaɓe. Adda ta nuna masa sawun kofato a cikin da'irarsa, ta nuna kashin shanu mai ɗumi a gefe, sannan ta nuna bijiminta da ke tsaye a inuwa ruwa na ɗiga daga bakinsa. Mamuda ya ce dabbobi suna jin irin wannan ƙarfin kafin mutane, kallo ne ya kawo bijimin. Adda ta ce to a sake cikawa, wannan karon a zauna a kalla tare da bijimin.

Aka sake cikawa, aka zauna. Rana ta yi ta dukan mutane, ruwa na nan yadda yake. Mamuda ya ce idanu sun yi yawa. Ya ce a juya baya, aka ƙi. Can sai iska ta kaɗa, gabas ta yi baƙi, kafin a tattara tabarmi ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Baho ya cika ya tumbatsa. Mutanen Gwiwa suka tsaya a cikin ruwan suna kallon Mamuda, hularsa ta lanƙwashe ta rufe masa kunne.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Wanda ta ɗauka ne take dawo da shi."

Dariyar da aka yi har bijimin ya tsorata. Adda ce kaɗai ba ta yi ba. Ta dubi Alhaji ta ce ga ruwa ya sauka, gobe kowa zai fita shuka, su kuma ba su da iri. Alhaji ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma motar shinkafa ta riga ta taso, kuma komawa baya yana nufin ya ce bai gane ba. Mamuda ya rantse masa cewa a Babura zai wanke shi a gaban kowa, zai haƙa ƙasa ya nuna tekun ido da ido. Adda ta ce ita ma za ta je, ba ta taɓa ganin teku ba.

Ranar rabon iri a Babura aka kafa rumfa a wani fili a gefen gari, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Motar shinkafa na tsaye a gefe. Manoman Babura suka zagaye ta suna leƙen buhunan, wani ya tambaya ko ta ci ce, da aka ce ta shuka ce ya koma ya zauna. Halliru ya rufe rumfarsa ya biyo motar haya, ya ce ko kyauta ake faci a Kazaure yau ba zai zauna ba.

An ɗauko wani tsohon mahaƙin rijiya mai suna Lauwali daga wani ƙauye. Ya ce shi a iya saninsa ruwan wannan yanki yana da nisa, a yini ɗaya ba a kai shi. Mamuda ya ce wannan kafin zuwan kimiyya ke nan. Ya ɗora kwamfutarsa a tafin hannu kamar faranti, ya yi ta zagaya filin yana lumshe ido, alhali batirinta ya mutu tun a hanya. Ya hango wani wuri da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar busasshen fili, ya dangwala ƙafa ya ce nan.

Lauwali ya yi bisimilla ya fara. Yana haƙa Mamuda na jawabi a lasifika. Ya yi wa mutanen Babura albishir da shinkafa sau biyu a shekara, da kamun kifi, ya ce nan gaba mutanen Nijar za su riƙa tsallakowa da sefa suna sayen tikitin kallon ruwa. Da ramin ya kai ƙugu, ƙasar ta fara fitowa da danshi. Mamuda ya ga ana shirin yin tarihi da hannun wani, ya ajiye lasifika, ya ce wa tsohon ya fito. Ya naɗe hannun babbar riga, ya dira cikin ramin, ya ɗaga diga sama yadda masu ɗaukar hoto da waya za su samu, ya sauke da iyakar ƙarfinsa.

Aka ji ƙwas. Sai ruwa ya yi tsiri sama, fari tas, ya fi tsayin mutum.

Fili ya ruɗe. Yara suka yi ta tsalle, wasu dattawa suka tashi tsaye suna salati. Har Halliru sai da bakinsa ya buɗe. Mamuda na tsaye a cikin ramin ruwa na dukan haɓarsa, yana ihu a kawo masa lasifika. Alhaji kuwa hawaye ne ya cika masa ido don sauƙin da ya ji. Ya ce wannan farin ciki bai kamata a bar Malama Martha a baya ba, tunda na'urarta ce ta fara nuna hanya. Ya kira ta, ya kara wayar a bakin lasifika don kowa ya ji.

Muryarta ta cika filin, da kukan jariri a bayanta. Bayan gaisuwa da barka, Alhaji ya ba ta labari tun daga tara huɗun Babura har zuwa alamar ɗebewar Gwiwa. 

"Baba Alhaji," in ji ta, "waɗannan ba awon ruwa ba ne. Alama ce ta cewa ranar ba a samu awo ba."

Alhaji ya ce ta maimaita, lasifikar na ƙara.

Ta maimaita a hankali. Ta ce idan na'ura ta tsaya, ba a barin gurbin haka kawai, kuma ba a sa sifili, don sifili yana nufin an auna ba a yi ruwa ba. Sai a sa lambar da kowa zai gani ya san ba za ta yiwu ba. Ta Babura tsohuwa ce, tara huɗu take sawa, kuma a Agustan bara gidan rina ne ya toshe ta. Ta Gwiwa sabuwa ce daga wani kamfani dabam, tata alamar ita ce tara uku da ɗebewa, ita kuma batirinta ne ya mutu. Kafin a yi lissafi cire su ake yi.

"Ai na rubuta duk wannan a layukan farko na fayil ɗin, Baba. Wanda ya buɗe bai karanta ba?"

Alhaji ya juya ya dubi ramin. Duk filin ya juya tare da shi. Halliru ya matso kusa da lasifika ya ce, cikin ladabi, Injiniya ba ya tsayawa gaisuwa.

Mamuda ya ɗaga murya daga cikin rami ya ce a bar mai jego ta huta, ga hujja tana dukan fuskarsa, wa zai musa ruwa? Malama Martha ta ce ita ma abin da take son tambaya ke nan, wane ruwa ne take jin ƙararsa?

Amsar ta taho da ƙafarta. Mata ne daga unguwar da ke bayan filin, sun fi ashirin, kowace da jarka ko bokiti babu komai a ciki, mai unguwa na gabansu yana haki. Suna cikin layi a famfo ruwa ya ɗauke. Bututun da ya taso daga tankin burtsatsen unguwa ta ƙarƙashin filin nan ya bi, ya daɗe yana ɗan yoyo a daidai wurin, shi ya sa ciyawar ta yi kore. Mai unguwa ya leƙa ramin ya ga bakin digar a cikin bututun, ya tambaya wane ne ya yi wannan aiki. Yatsu suka nuna Mamuda, har da na Alhaji.

Mamuda ya fara bayanin cewa a kimiyyance bututun ma daga tekun yake ɗebowa. Wata mata ta kifa masa bokiti a ka, sauran bayanin ya fito da amo. Da ya cire, mai unguwa ya ce masa tankin nan shi ne ruwan shan unguwa har gobe, makunnin rufe shi ya lalace, mai gyaran famfo kuma sai an ɗauko shi daga kasuwar wani gari. Don haka Injiniya zai tuɓe babbar rigarsa ya naɗe bututun, ya danne da hannu biyu, ba zai fito ba sai mai gyara ya iso. Matan suka ce su za su tabbatar, suka jera jarkokinsu a bakin ramin suka zauna a kai.

Alhaji ya kashe lasifika da kansa. Ya tsaya gaban manoman Babura da Adda, ya cire hula ya goge goshi, ya faɗi abin da ba a taɓa jin ya faɗa ba, cewa bai gane takardar nan ba tun ranar farko. Ya ce yanzu zai bi motar nan har wurin dillali ya roƙe shi ya karɓi shinkafa ya ba da gero, ko da zai kwana a ƙofar shagonsa. Wani manomi ya ce a yi sauri dai, damina ta kawo kai, kowace rana da ta wuce ta tafi da damin hatsi. Adda ba ta jira an gayyace ta ba, ta buɗe gaban motar ta shiga ta zauna kusa da direba, ta ce ba za ta sauka ba sai a Gwiwa, da buhunan Gwiwa a bayanta.

Aka kwashe kujeru, aka sauke rumfa, motar ta tafi. Halliru ya tsaya ya ɗauki hoto daga kusurwa biyu, ya ce zai kai a buga masa da kala idan an buɗe Cibiya, sannan ya tafi neman mota.

Mamuda ya rage a rami daga shi sai singileti, tsugune cikin laka, hannuwansa biyu a kan rigar da ya naɗe bututu da ita, ruwa na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa yana shiga masa hanci. Lauwali na gefe yana kakkaɓe kayan aikinsa. Mamuda ya ɗago kai ya ce masa, yadda matan za su ji, shi har yanzu yana kan bakansa. Bututun nan tsautsayi ne kawai ya gitta. Da an ƙara haƙa kaɗan a gefe, da yanzu ana cikin teku.

Tsohon ya dube shi, ya dubi shebur ɗin da ke hannunsa. Ya sunkuya ya zura masa shi cikin ramin a hankali, ya jingina shi kusa da kafaɗarsa.

"Ga shi nan, Injiniya," ya ce. "In ka kai, ka aiko mana da kifi."